Gidan Yayata a Gwange da Daren da Madatsar Alau Ta Fashe

Na nemi izinin Yaya da maigidanta kafin in rubuta wannan, suka ce in rubuta amma in sakaya sunayensu. Gida ne na mutum tara a unguwar Gwange ta Maiduguri: su biyu, 'ya'ya shida, sai mahaifiyar maigidan da kowa ke kira Hajiya, wadda ke fama da hawan jini da ciwon suga. Maigidan, Malam kamar yadda Yaya ke ce masa, yana da shagon takalma da jakunkunan 'yan makaranta a kasuwar Monday. Ita kuwa turaren wuta da humra take haɗawa a gida, tana aiko wa matata Kano ta sayar mata.

Abin da ya sa na zaɓi gidansu shi ne, a duk danginmu babu gidan da ya kai su tanadi. Da su ake ba da misali. Amma ranar 10 ga Satumba, 2024, cikin abin da bai kai sa'a ɗaya ba, mafi yawan tanadin nan ya tashi a banza, wani ɗan abu da ba a ɗauke shi a bakin komai ba kuma shi ya riƙe su.

Shekarar da ta koya musu tsoro

Sai an koma 2023 kafin a gane yadda suka tsara ajiyarsu. A Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya takardun naira 200 da 500 da 1000. Aka sa wa'adin 31 ga Janairu, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, tsofaffin kuɗi suka koma banki, sababbi kuma ba su wadata ba. Har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin su ci gaba da aiki, mutane sun riga sun ji jiki. Yaya ta ce akwai ranar da take da kuɗi a asusunta, amma ta rasa naira ɗari biyu ta kayan miya, don mai tumatir ba ya karɓar tiransifa.

Ana cikin wannan, ranar 26 ga Fabrairu, washegarin zaɓen shugaban ƙasa, gobara ta tashi a kasuwar Monday cikin dare. Shagon Malam na cikin waɗanda suka ƙone ƙurmus, har da littafin da yake rubuta masu bashi. Wata uku bayan haka aka cire tallafin man fetur, naira ta faɗi, farashin abinci ya yi ta hawa.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Malam ya fito daga wannan shekara da hukunci uku: kasuwa ba wurin ajiya ba ce, kuɗin da ke banki ba a hannunka suke ba, kuɗin da ka ajiye kuma kullum narkewa suke yi. Saboda haka duk abin da ya samu sai ya mayar da shi hatsi ko haja, ya kawo gida. Da kakar 2023 ya sayi masara da gero da wake na shekara. Ya gyara wani ɗaki kusa da zaure, ya jera bulo, ya shimfiɗa katako a kai saboda sanyin ƙasa da gara, ya sa kwaɗo biyu. A shago samfur kawai yake bari da abin da zai sayar na kwana biyu zuwa uku. Ni da kaina na yaba masa a lokacin, kuma bisa hujja: zuwa tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a Najeriya ta haura kashi 35 cikin ɗari, shi kuwa yana cin masarar da ya saya da farashin kaka.

Yaya nata darasin daban ne. Ta sami gwangwanin madara ta riƙa jefa ƙananan kuɗi, 'yan ɗari biyu da 'yan ɗari biyar, ta rantse ba za ta sake rasa na cefane ba. Tana zubin adashi da matan layinsu. Tana da 'yan kunne na zinare tun na aurenta. Sannan akwai kuɗin turarenta da kan taru a hannun matata, wanda ba da niyyar tanadi ta bar shi ba, jira take ya yi kauri a sayo mata kwalabe da itacen turare.

Daren Litinin

Madatsar ruwa ta Alau tana kan kogin Ngadda a ƙaramar hukumar Konduga, kudu da Maiduguri, an kammala ta a 1986, an gina ta ne don ba birnin ruwan sha da na noman rani. A 1994 ta taɓa jawo ambaliya a garin. Malam yana saurayi a lokacin, kuma ya tuna cewa ruwan ya tsaya a dokin ƙofar gidan mahaifinsa. Wannan dokin ƙofa shi ya zama ma'auninsa shekara talatin.

Tun farkon Satumba kogin ya cika ya fara shiga gidajen da ke bakinsa. Da yammacin Litinin Yaya ta ce masa, "Malam, da mun kai Hajiya da ƙananan yara unguwar Bulumkutu wurin ƙanwarka, ko kwana biyu su yi." Ya ce, "Bari mu ga safiya. Ruwan nan na san iyakarsa."

Ba na ganin laifinsa yadda wasu 'yan'uwa suka gani daga baya. A makon ne aka ƙara kuɗin fetur, kuɗin keke ya tashi. Ga kayan komawa makaranta da ya sauke daga Kano ba a fi kwana goma ba, rabi da kuɗinsa, rabi bashi, duk suna ɗakin nan. Mutumin da ya tara duk abin da ya mallaka a ɗaki ɗaya, barin ɗakin nan yana yi masa wuya. Ajiyar da aka yi don ta kare gidan ita ta ɗaure masa ƙafa.

Bayan tsakar dare ihun maƙwabta ya tashe su. Yaya ta ce da ta sauko daga gado a ruwa ta sa ƙafa. Ta ƙarƙashin ƙofa yake shigowa, yana kuma bulbulowa ta magudanar tsakar gida, baƙi, mai wari, ga duhu don babu wuta. Ta goya autarta, ta laluba saman kwaba ta ɗauko gwangwanin ta ƙulle a gefen zani, ta cusa wayarta a ɗankwali. Wannan duka bai ɗauke ta minti biyu ba.

Malam da babban ɗansa kuwa ɗakin ajiya suka nufa. Suka riƙa kokawa da buhunan masara suna ɗora su kan wani tsohon gadon ƙarfe. Buhu mai kilo ɗari, a cikin duhu, ruwa yana gwiwa. Sun ɗaga biyu, suna kan na uku Yaya ta ƙwala masa kira: "Malam, Hajiya fa!" Lokacin ruwa ya kai katifar tsohuwar. Ya goya mahaifiyarsa, yara suka riƙe hannun juna, suka fita ruwa yana ƙugun manya. A bakin layi wayarsa ta zame daga aljihu.

Akwatin takardu yana ƙarƙashin gadonsu: takardar gida, takardun haihuwa, sakamakon jarrabawar babbar 'yarsu, katin shaidar ɗan ƙasa, katin cirar kuɗi na Malam. Ledar maganin Hajiya tana rataye a ƙusa a bayan ƙofarta, ba ta fi taku uku daga inda aka ɗauke ta ba. Babu wanda ya tuna da ita. Minti ashirin ɗin da aka kashe a kan buhuna, da an san abin da za a ɗauka, da sun isa a kwashe waɗannan sau goma. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma mutum a firgice abin da ya fi tsada yake tunawa, ba ya tuna abin da zai fi buƙata gobe.

Da gari ya waye aka ga girman abin. Ruwa ya mamaye babban ɓangare na birnin. Ya shiga fadar Shehun Borno, da kasuwar Monday, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Ya ci gidan namun daji na Sanda Kyarimi, aka riƙa gargaɗin mutane kan kadoji da macizai. Katangar gidan yari ta faɗi, fursunoni sama da 270 suka tsere. Dubban ɗaruruwan mutane suka rasa matsuguni, har aka sake buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi da aka rufe a baya.

Kwana huɗu a aji ɗaya

Wata makarantar firamare da ke kan tudu suka faɗa, su da ɗaruruwan mutane. Da Yaya ta zazzage gwangwanin a cikin zaninta ta ƙirga, naira dubu talatin da takwas ne da 'yan kai. Da su aka ci biredi da ƙosai, aka sayi fiya wata, aka biya mai janareta ya sa mata caji, aka sayi tabarma ɗaya saboda Hajiya. Kasancewarsu ƙanana ya yi rana, don babu mai sayarwa da ke da canji, wanda ya miƙa dubu ɗaya sai dai ya haƙura da sauran. Ta ce abin da ya fi yi mata ciwo shi ne matan da ke kusa da ita waɗanda suka fito da zani ɗaya, yaransu na kallon biredi. Ba ta iya ci ta hana su ba, shi ya sa kuɗin da za su yi mako suka ƙare a kwana huɗu.

Ni kuwa a Kano tun da asuba nake kiran Malam ba ta shiga. Da hantsi Yaya ta same ni. Na tura mata kuɗi nan take, amma sai a rana ta uku ta iya mayar da su tsaba, don sabis yana zuwa yana ɗaukewa, masu POS na yankin kuma su ma ruwan ya kore su. Malam yana da sama da dubu ɗari biyu a asusunsa, na cikon bashin kaya, amma babu waya, babu kati, babu katin shaida. Ya yi kusan mako biyu yana kallon kuɗinsa daga nesa. Lambar waya ɗaya ce a kansa, tasa.

Maganar Hajiya ce ta fi tayar mana da hankali. A rana ta biyu kanta ya fara sarawa, tana ganin jiri. Wasu ma'aikatan lafiya da suka zo makarantar suka tambayi maganin da take sha. Ta ce, "Ɗan ƙaramin farin nan na safe, da babban na suga." Babu wanda ya san sunansu a gidan, don kullum tsohon kwali ake kai wa mai kemis ya ba da irinsa. Allah Ya taimaka, watanni baya an taɓa rasa maganin a can, Yaya ta ɗauki hoton kwalayen ta turo wa matata ta WhatsApp. Hoton nan muka nemo muka karanta musu suna da ƙarfinsa ta waya. Har yau in na tuna cewa lafiyar tsohuwar nan ta rataya a kan hoton da aka kusa gogewa, sai jikina ya yi sanyi.

A rana ta biyar suka samu aka tsallaka da su zuwa Bulumkutu.

Komawa gida

Sai bayan kusan mako biyu Malam ya iya shiga gidan, ni ma na zo a lokacin. Alamar ruwa a bango ta wuce kafaɗata. Laka ta kai idon sawu a kowane ɗaki, bangon ɗakin girki ya zauna. Da muka ɓalle ƙofar ɗakin ajiya wari ya buge mu. Buhunan sun kumbura sun yage, masarar ta tsiro fari fat ta cikin saƙar buhu, ƙasanta kuma ya yi baƙi ya yi yauƙi. Har biyun da aka ɗora kan gado ba su tsira ba. Wani maƙwabci ya ce a shanya ta saman a kai niƙa. Yaya ta ƙi, kuma ita ke da gaskiya: ruwan da ya bi ta masai da kwata ya jiƙa hatsi, sannan ya yi fumfuna, ba abinci ba ne ko ga kaji. Muka haƙa rami muka binne. Malam yana riƙe da shebur bai ce uffan ba har muka gama.

Takalman roba sun wanku, an sayar da su da faɗuwa. Jakunkuna sun ruɓe. Takardun da ke akwati sun manne sun zama dunƙule ɗaya, in ka ɗaga shafi sai ya biyo yatsa. Bashin mai kaya kuwa yana nan daram, ruwa bai taɓa shi ba, duk da dai mutumin ya yi halin kirki ya ɗaga masa ƙafa.

Ga kuma kuɗin da ba su taɓa sa wa a lissafi ba, na ruwan sha. Rijiyoyi da burtsatsai da yawa sun gurɓace, kuma a farkon Oktoba gwamnatin Borno ta tabbatar da ɓarkewar kwalara. Masu aikin agaji suna ƙiyasta lita 15 a rana ga kowane mutum a matsayin mafi ƙaranci na sha da girki da tsafta. Gidan mutum tara ke nan lita 135, wato kusan jarka biyar da rabi ta lita 25, kullum. Gawayin tafasa na sha kaɗai ya zama wani cefane. Da ƙaramin ɗansu ya fara gudawa, ruwan gishiri da sukari Yaya ta haɗa masa kafin a kai shi asibiti: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Abin da ya tsira

Da muka zauna lissafi, abin da ya rage musu kaɗan ne, amma duk siffarsu ɗaya. Gwangwanin Yaya da 'yan kunnenta sun tsira don a jikinta suke. Kuɗin turare, dubu casa'in da biyu, sun tsira don a Kano suke. Akuyoyi biyu da ta ba wata gwaggonmu kiwo a wani ƙauye kusa da Potiskum sun tsira, har ɗaya ta haihu. Kuɗin bankin Malam ma sun tsira, illa dai sun makara. Duk abin da ya fita ko dai marar nauyi ne da hannu ɗaya ke ɗauka, ko kuma yana can nesa da Gwange.

Adashin da na zaci shi zai fara ɗaga su, shi ya fara faɗuwa. Mata goma sha biyu ne, dukkansu 'yan layi ɗaya, ruwa ɗaya ya kore su a dare ɗaya, uwar adashin ma tana sansani. Babu mai zubi, kowa kwasa take nema. Ba cin amana aka yi ba, kuma bayan watanni sun farfaɗo da shi. Amma ya nuna mini cewa adashin maƙwabta maganin matsalar gida ɗaya ne, kamar haihuwa ko rashin lafiya ko biki. In masifa ta haɗa unguwa gaba ɗaya, sai wanda ke wata unguwar ko wani garin ne zai iya miƙo hannu.

A ganina kuskuren Malam bai shafi yawan tanadinsa ba. Ya shirya wa gobara da ƙarancin kuɗi da tsadar abinci, kuma a kan waɗannan ya ci nasara. Sai dai duk maganin ukun ya zuba su a ɗaki ɗaya, bulo ɗaya daga ƙasa, a unguwar da ke bakin kogi. Bai taɓa tambayar kansa abin da zai faru in gidan ne kansa ya zama wurin gudu ba. Ni ma da na yaba masa ban tambaya ba.

Akwai waɗanda suka ce masa ai ga shi nan, tanadi ba ya hana ƙaddara. Gaskiya ne ba ya hanawa. Amma Annabi Yusuf, alaihis salam, shekara bakwai ya sa aka yi ana ajiya, har ya faɗi yadda za a ajiye, a bar hatsin a zangarniyarsa. Yadda za a yi ajiya da inda za a yi ta suna cikin sababin da aka umarce mu da riƙo. Haka kuma ba zan ɗora wa magidanci nauyin da ba nasa ba. Kula da madatsar ruwa da yi wa jama'a gargaɗi a kan lokaci aikin hukuma ne, babu gwangwanin da zai tare kogi. Kuma da yawa daga waɗanda Yaya ta kwana da su a ajin nan masu neman na yau ne a ci yau, waɗanda in ka ce musu su ajiye na mako biyu ka yi musu maganar da ba su da halinta.

Sun ɗauki watanni kafin su tsaya da ƙafarsu. An sayar da 'yan kunnen aka tayar da bangon. Kuɗin turare suka zama jarin farko na shago. Dawo da takardu ya ci lokaci da kuɗin mota da takardar rantsuwa ta kotu, kuma a nan ne Malam ya san cewa da layinsa na hannu, da danna *346# ya fito masa da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, *565*0# kuma ta banki, wato BVN.

Yanzu akwai wata baƙar jakar makaranta, ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da suka wanku, rataye a ƙusa sama da ƙofar ɗakin Yaya. A ciki akwai takardun gidan a leda biyu, kwalin maganin Hajiya na mako biyu da ake sauyawa in an sayo sabo, tocila, abin cajin waya, ƙullin garin kwaki da ƙuli-ƙuli, da wata takarda da babbar 'yarsu ta rubuta lambobin waya shida da sunayen magunguna. Hoton kowace takarda yana wayata da ta matata. Gwangwanin ya koma saman kwaba. Yaya ta shiga adashi na biyu da matan unguwarmu a Kano, matata ke zuba mata daga kuɗin turare. Sun kuma yi alkawari tsakaninsu cewa duk ranar da ruwa ya taɓa wani dutse da ke ƙarshen layinsu, Hajiya da ƙananan yara za su kwana Bulumkutu, ba tare da an sake shawara ba.

A kan hatsi ne har yanzu ba su daidaita ba. Malam ya ce ba zai iya zama yana awo da kwano ba alhali ya san yadda farashi ke yi da damina. Yaya ta ce ba za ta sake binne abincin shekara ba. Inda suka tsaya a kakar da ta biyo baya shi ne buhu biyu a gida cikin durom na ƙarfe a kan dakalin da ya kai ƙirji, buhu biyu kuma a wurin ƙanwarsa a Bulumkutu, ana ba ta kwano biyar a kowane buhu na ajiya. Saura dubu sittin ya gama biyan mai kaya.